Yayen Lauza

"Kai ka kashe ta, Abu Mahasin. Ba Hajj Hussain ba, ba masu gasa tubali ba. Kai da hannunka."

Muryar Awadiyya ce ta ratso bango bayan la'asar, ina zaune ina jiran shayi ya tafasa. Bangon da ya raba ɗakina da nasu a unguwar Faisal, a Giza ta Masar, bai fi kaurin tafin hannu ba. In suna yanka albasa, ni ke hawaye. Amma shekara biyu ina maƙwabtaka da su ban taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ba, sai in tana kiran mai tukunyar gas ta taga.

"Rage murya, Umm Mahasin," in ji mijin. "Akwai mutane."

"Su ji mana! Shekara nawa ina ce maka ka yaye dabbar nan? Ka ce sai an wuce zafi. Aka wuce, ka ce sai an wuce sanyi. Biyar sun tafi kana kallo, ita ma so kake ta bi su?"

"Ba ki san aikin ba."

"Ni ce ban san aikin ba? A gidan wa aka haife ni? Ubana ba tare da naka suke zuwa bakin iyaka ba? Ya zol, kai mutumin nan, ka ji tsoron Allah. Mutanen waje ka rufe, ni ba ka rufe ni ba."

Sai ƙarar kofi da aka dire da ƙarfi, sai ƙofa. Na ji takunsa yana sauka matakala a hankali, ƙafar hagu na jan baya kamar kullum.

Wadda ake cewa ya kashe tana nan da ranta. Alfadara ce, sunanta Lauza, tana ɗaure a bargar Hajj Hussain a Nazlatus Samman, ƙauyen da ke gindin manyan dalolin Giza. Mutumin da ya sauka matakalar, Ya'ƙub Ɗanmalam, shi ya hore ta. Wannan a watan Oktoba ne na 2013.

An haife shi a Gadarif, gabashin Sudan, a unguwar Hausawan da kakanninsu suka taso aikin hajji da ƙafa, hanya ta riƙe su. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa ta girmi tawa. Yakan faɗi kalmar da rabona da ita tun bakin kakata, sannan ya rufe ta da "khalas", wato "shi ke nan" ɗin Larabawa. Ubansa alfadarai yake sayowa daga bakin iyakar Habasha, ya hore su, ya sayar wa 'yan kasuwa da malaman karkara masu son abin hawan da ba ya tuntuɓe. Ya'ƙub ya shigo Masar yana kusan talatin, a bayan garken raƙuman sayarwa, da niyyar ya ga Alƙahira ya koma. Yanzu furfura ta cinye gemun.

A Nazla doki da raƙumi 'yan yawon buɗe ido ke yayi, su ke kyau a hoto. Shi ya shawo kan mahaifin Hajj Hussain, mai bargar na lokacin, ya sayi alfadarai. Doki, in ji shi, na matasa ne masu son sukuwar minti goma su sauka suna ihu. Amma akwai tsofaffin Turawa, akwai masu ƙiba, akwai matsorata, waɗanda ke son su ratsa hamada tun daga bayan dalolin har Abusir, wani lokaci har Saƙƙara, su sauka ƙugunsu bai rabu biyu ba. Alfadari ba ya zabura don leda ta gitta. Ba ya sa kofato inda bai yarda da wurin ba, ko za a kashe shi. Tsohon ya gwada, abin ya karɓu.

Shi Ya'ƙub ba ya hawa. Gaba yake shiga da ƙafa kamar madugu, alfadarai na biye da shi a jere, baƙo na bisa sirdi yana jan linzami yana jin shi ke tuƙi. Fiye da shekara ashirin yana wannan tafiya, zuwa da dawowa, cikin rairayi da tsakuwa. A nan ƙafar hagun ta tafi.

Sai juyin juya halin 2011 ya zo, baƙi suka ɗauke. Sun fara dawowa ɗaya-ɗaya ke nan, tashin hankalin bazarar 2013 ya kore ragowar. Barsim, ciyawar da dabbobin Masar ke rayuwa a kanta, ta fi ƙarfin masu barga. Dawakai suka koma ƙashi da fata. A bayan ƙauyen, inda hamada ta fara, akwai wurin da ake jan waɗanda suka faɗi, karnuka sun yi ƙiba a can. Alfadaran Hajj Hussain shida ne. Biyar an sayar, kuma ba wadda ta je wurin mai hawa. Duk wanda ya zo gwaji sai ta ƙi motsi a ƙarƙashinsa, a ƙarshe masu amalanke da masu gasa tubali su kwashe. Lauza ce ta rage.

Washegarin rigimar na ci karo da shi a matakala.

"Ka ji mu jiya," ya ce.

"Ban ji komai ba, Baba."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Abdurrahim. Bangon nan ko atishawa ba ya riƙewa. Yalla, zo ka ga wadda na kashe."

Muka hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Muka sauka a Nazla.

Hajj Hussain na zaune a ƙofar barga kan kujerar roba, mutum mai tumbi da idon wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru jiya da safe. Wata Duktura Zulfa ce ta zo, tsohuwar likitar ido da ta yi ritaya, tana da gonar mangwaro kusa da Abusir. An yi mata aiki a ƙugu, an hana ta doki, tana neman dabba mai sanyin tafiya. Ta ga Lauza ta so ta. Aka ɗaura sirdi, aka ɗora ta. Ta taɓa da dunduniya, ta ja linzami, ta lallaɓa, ta yi tsawa. Lauza ta kafe, ido na kan Ya'ƙub. Da ya ɗaga ƙafa sai ta bi shi kamar ɗan akuya.

"Na ce mata, ya Duktura, ai da sauƙi, ki ɗauke su tare," in ji Hajj Hussain. "Sai ta ce ita dabba take so, ba ɗan rakiya ba. Wai shekara arba'in tana cikin mutane, so take ta fita da safe ita kaɗai. To me zan ce? Alfadari dabbar mutum ɗaya ce. Haka Amm Ya'ƙub ya koya mana tun zamanin mahaifina, Allah ya jiƙansa."

Da girmamawa ya faɗi wannan, don "Amm" a bakinsu baffa ne. Ya'ƙub na kallon ƙasa.

"Ta ce za ta sake leƙowa Juma'a ta sama. In ba ta ɗauka ba, Asabar motar masu tubali na zuwa. Ma'alish, a yi haƙuri. Ba ni da abin da zan zuba mata. 'Ya'yana ma wake suke ci safe da yamma."

Na taɓa jin yadda ake aiki a wuraren gasa tubalin nan na kudancin birni. Daga asuba ake jan kaya, cikin zafin wuta, da bulala. Dabbar da aka saba wa sirdi ba ta daɗewa a can.

Lauza ja ce mai duhu, baki fari, kunnuwa dogaye. Ta rame, amma gashinta na sheƙi, kofatonta a gyare. Tun kafin mu shiga ta fara wannan kukan na alfadari da ke farawa kamar haniniya ya ƙare kamar na jaki. Ya'ƙub bai taɓa ta ba. Ya kwance ragama ya jefa mata a wuya, ya juya baya ya yi gaba, ta bi. Ya tsaya, ta tsaya. Ya ƙyasta harshe sau biyu, ta karkata dama. Sai ya sa hannun hagu cikin aljihu, ya ciro wata 'yar jakar fata da maiƙon hannu ya mai da baƙa, ya ɗebo ɗan gari a tafinsa. Ta lashe, ta lumshe ido.

"Jar kanwa," ya ce. "Da 'yar dusa. A unguwar Arba wa Nus nake samu, shagon 'yan Sudan. Misirawa sukari suke ba dabba, shi ya sa take cizo."

Muka zauna a inuwar bango. Ya ce a wurin ubansa horo hawa uku ne. Na farko sabo: ka zauna kusa da dabba kwana da kwanaki, ba ka neman komai a wurinta, har ta gaji da tsoronka. Na biyu sirdi: tsumma tukuna, sannan buhu, sannan sirdin, sannan mutum. Duk abin da ta yi daidai, lasar kanwa. Ba duka, domin alfadari ba ya mantuwa, zai jira ka shekara ya rama.

"Na ukun fa?"

Ya daɗe yana murza bakin jakar.

"Yaye. Ka cire kanka. Wani ya ba ta abinci, wani ya hau, ta koyi jin linzami da dunduniya maimakon ta riƙa kallon hannunka. Da fari kana gefe, sai ka koma baya, sai ka zauna ka juya mata ƙeya. In ta kira ka, kada ka amsa. In ta zo wurinka, ka ture hancinta. Kwana arba'in. Ran ƙarshe ka tsaya a bakin hanya, mai hawa ya wuce da ita ta gabanka. Ubana ba ya sayar da dabbar da bai yi wa haka ba. Cewa yake cuta ce."

"Kai kuma ba ka yi wa ko ɗaya ba."

"Na yi wa alfadarai ukun farko da na hora a nan. Kamar yadda aka koya mini, ban rage komai ba. Ko yaro ya hau su sai Saƙƙara. Ranar da na gama, tsohon Hajj ya rungume ni, ya ce hannuna zinariya ne. Da sati ya zagayo ya ba ɗan 'yar'uwarsa aikin jagora. Me zai yi da baƙo, tunda dabba na bin kowa? Shekara guda ina ɗaukar tukunyar gas a kafaɗa, bene hawa shida, hawa bakwai. 'Yarmu Mahasin na goye. Takardar zamana ta mutu. Da suka sayo sababbi, yaron ya lalata su da bulala, suka aiko a kira ni." Ya ɗaga kafaɗa. "Na dawo. Na yi hawa biyu na tsaya."

Labari ne mai kyau, kuma na yarda gaskiya ne. Amma ya yi santsi da yawa, irin wanda mutum ya daɗe yana faɗa wa kansa. Tsohon Hajj ya mutu tun shekara goma sha biyar. Ɗansa Hajj Hussain ba ya iya ɗaura sirdi in ba Ya'ƙub. Ba wanda zai kore shi a shekarun da baƙi ke layi. Kuma tsoron kora bai bayyana abin da na gani ba lokacin da Lauza ta yi kukan nan: yadda fuskarsa ta saki, kamar wanda aka kira sunansa a cikin taron da ba wanda ya san shi.

"Baba, jiya da Duktura ta hau, ka so Lauza ta tafi?"

Ya dube ni.

"Ko so ka yi ta kafe, a ce sai an haɗa da kai?"

"Kai yaron nan ba ka da kunya."

"An sha faɗa mini."

Ya miƙe yana dafa bango. "Gona ce mai inuwa," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Akwai ɗaki a bakin ƙofa, na taɓa gani. Mutum zai iya tsufa a can."

Abin da bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, shi ne wannan: in ya yaye Lauza, Hajj Hussain zai gane cewa maganar dabbar mutum ɗaya ƙarya ce, kuma a kan ƙaryar nan alfadaransa biyar suka tafi jan kaya. Ko gobe baƙi suka cika Nazla, ba za a sake aikowa a kira shi ba.

Kwana biyu bangon ya yi tsit. A na uku na ji Awadiyya na cewa, "Ba ni wandon nan naka mai kauri." Yaye sai da mai hawa, kuma ba ya son mazan barga su ga yadda ake yi tun daga tushe. Ita ta ce za ta hau. Kwana arba'in ake bukata, goma sha ɗaya suka rage.

Na bi su rana ta biyu. Mace ce da ta haura hamsin, gajera, mai jiki, ta naɗe tobinta, lafayar 'yan Sudan, ta ɗaure a ƙugu, wandon mijin ya leƙo ta ƙasa. Mazan bargogin da ke zaman banza tun safe suka sami abin kallo.

"Ya Hajja, Saƙƙara za a je? Da hoto ko ba hoto?"

"Da hoton uwarka," ta ce da Larabcinta na Gadarif. "Matsa ka riƙe mini likkafa, tunda ba ka da aikin yi."

Aka kwashe da dariya, wanda aka zaga ya fi kowa. Ya riƙe mata, ta haye kamar jiya ta sauka.

Daga baya ta gaya mini rabonta da bayan dabba tun tana budurwa. Ta kuma gaya mini, tana dariya, cewa shekara ashirin da huɗu tana Alƙahira ba ta taɓa hawa mikrobas ita kaɗai ba. Shi ke cefane, shi ke riƙe takardunta, in za ta gidan Mahasin a Arba wa Nus shi ke kai ta ya ɗauko ta. "Wai kada in ɓata," ta ce. Dariyar ba ta kai ido ba.

Aikin ba shi da daɗin kallo. Jakar kanwa ta koma hannun Awadiyya. Ta taɓa da dunduniya, Lauza ta kafe tana neman Ya'ƙub. A jira. A sake. In ta ɗaga ƙafa ɗaya, lasa. Rabin yini a kan taku goma. Shi yana gefe, hannuwa a baya, ya damƙe na hagu da na dama kamar mai riƙe ɓarawo. Da aka kwance sirdi Lauza ta nufo shi ta sa hanci a aljihunsa. Ya ture. Ta dawo. Ya ture da ƙarfi, har ta ja baya ta tsaya tana kallonsa, kunnuwa a kwance. A mikrobas ɗin komawa Awadiyya ta yi barci a zaune, cinyoyinta sun saɓule. Shi ya kafa wa gilashi ido.

A rana ta shida, ranar da na sake zuwa, abin ya fara kamawa. Ya'ƙub na zaune bayan wani rusasshen bango a bakin hamada, inda Lauza ba ta ganinsa. Ni ina tsaye kusa da shi. Awadiyya ta fita da ita, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta tsayar, ta sake tayarwa. Suka hau wani tudu, suka yi nisa har suka koma kamar ɗigo biyu a kan rairayi. Suka juyo. Lauza na tafe da wannan takun nata mai laushi, kai a ƙasa, kunne ɗaya ya karkata baya yana sauraron mai hawa. Ba ta neman kowa.

Ina kallonsa yana leƙe ta wata kafa. Sun zo daidai bangon, za su wuce, sai na ji: ƙyat, ƙyat.

Ba da ƙarfi ba. Amma Lauza ta ji. Ta yi wata irin juyawa wuri guda, Awadiyya ta tafi ta gefe ta faɗi a kafaɗa, ita kuwa ta zagayo bangon da sassarfa, likkafu na kaɗawa, ta tura kai cikin ƙirjinsa.

Awadiyya ta tashi da kanta. Ta karkaɗe tobi, ta tofar da rairayi, ta tako har inda muke tana riƙe da kafaɗa.

"Akwai rami a gabanku," ya ce. "Na ga za ta..."

"Babu rami."

Babu rami. Ni ma na duba.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta kama ragamar ta janye kan Lauza daga jikinsa. "Ka ji abin da kake son ji?" ta ce. "Tana jin ka. Tamam. Ran Asabar in ana loda ta a mota sai ka sake kira, za ta amsa."

Ta miƙa masa tafin hannu.

"Gobe kada ka zo. Jibi ma. Ba ni kuɗin mota ka faɗa mini inda ake sauka."

"Za ki ɓata, Umm Mahasin."

"In na ɓata zan tambaya. Ina da baki."

Hajj Hussain ya ga duk abin da ya faru daga kujerarsa. Ya ga matar da ta fita da alfadarar mutum ɗaya har bayan tudu ta dawo. Da muka zo wucewa bai ce "Amm Ya'ƙub" ba. Ya dube shi kawai, ya daɗe, sannan ya mai da ido kan wayarsa.

Kwana huɗun da suka biyo baya ta bango na san su. Da hantsi ƙofa ta buɗe, takun Awadiyya ya sauka shi kaɗai. Daga nan sai nasa, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, ƙafa ɗaya na ja. Mutumin da ya saba ratsa hamada kullum, an bar shi da ɗaki taku shida. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya wanke kwanukan da na tabbata wankakku ne. Rana ta biyu na ƙwanƙwasa na kai masa shayi, na same shi sanye da kayan aiki har da rawani, zaune a bakin gado.

"Ta kira?" na tambaya.

"Wa?"

Ban san wadda zan ce ba a cikin biyun, sai na zuba shayin.

"Ka san me ya fi ba ni haushi?" ya ce can. "Ubana ya yaye alfadarai sun fi ɗari. Ban taɓa ganin ya waiwayi ɗaya ba bayan an tafi da ita. Da ina cewa ba shi da zuciya. To shi a garinsu yake. In ya shiga kasuwa ana gaishe shi da sunan kakansa." Ya kurɓa. "Ni a garin nan wa ke ɗaga kai in na shigo?"

Da la'asar Awadiyya ta dawo da ledar tumatir da ta saya da kanta, tana faɗa wa matar mai gadin gida cewa direban mikrobas ya so ya wuce da ita, ta nuna masa ita ba baƙuwa ba ce.

Ranar Juma'a tare suka fita. Ka'idar uban ta ce mai horo ya tsaya a bakin hanya ran ƙarshe, kuma Awadiyya da kanta ta ce ya zo, don in akwai sauran igiya tsakaninsa da Lauza gara ta bayyana yau, kada ta bayyana a gona ranar da wani mai kama da shi zai gitta da tsohuwa a bisa sirdi. Ni ban je ba. Na ga abin da ya ishe ni.

Bayan la'asar na ji takun mutum ɗaya, mai sauri. Na buɗe ƙofa. Awadiyya ce, fuska duk ƙura, tana wari irin na barga.

"An ɗauke ta," ta ce. "Duktura ta hau ta yi bayan tudu ita kaɗai, muka yi ta jira har Hajj ya fara salati. Da ta dawo ta ƙi sauka. A kanta ta tafi gonar, direbanta na bin su a baya da mota. Na ba ta sauran kanwar, na ce ta riƙa ragewa har ta daina."

"Hajj Hussain fa?"

"Ya ce wa Abu Mahasin ma'alish, in baƙi sun dawo zai aiko." Ta murguɗa baki. "Bai ko miƙa masa hannu ba. Ba zai aiko ba. Ni ma da ni ce ba zan aiko ba." Ta sa makulli, sannan ta tsaya, murya ta sauka. "Yana tafe. Kada ka yi masa tambayoyin nan naka yau."

Ya daɗe kafin ya iso. Ina jin sa yana hutawa a kowane hawa. Da ya kai ƙofarsu ya dafa ta yana mai da numfashi, rawanin ya kwance ta gefe ɗaya, 'yar jakar fatar na hannunsa, ba komai a ciki. Na yi niyyar bin maganar Awadiyya, na gaishe shi kawai. Shi ya tsayar da ni.

"Na tsaya a bakin hanya," ya ce. "Kusa, kamar daga nan zuwa inda kake. Har iskarta ta taɓa ni." Ya juya jakar a hannunsa, ya duba cikinta, ya cusa ta a aljihun hagu. "Ba ta waiwayo ba, Abdurrahim. Ko kunne ba ta karkato ba."

Ya tura ƙofar.

"Haka ake so," ya ce. "Aikin ya yi kyau."